Yadda Ake Barin Teburin Gyaran Lantarki a Koma Aikin Sola da Famfon Burtsatse

Mai gyaran rediyo da talabijin da wayar salula, da wanda ya karanta ilimin na'urorin lantarki a kwalejin fasaha ya ƙare a ofis gaban kwamfuta, da yawansu akwai lokacin da zaman tebur yakan ishe su. Ido ya gaji da leƙen ƙananan ƙafafun kayan ciki, baya ya ƙage, ga shi kayan yanzu yawancinsu ba a gyara su, allon ciki ake cirewa ɗungurungum a sa wani. A waje kuwa aiki ne ke neman hannu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka ware a matsayin masu samun wuta mafi yawan awanni, a watan Afrilun 2024, masu gidaje da shaguna da asibitoci da manoman rani suka juya ga hasken rana.

Ni ma daga tebur na fito, kuma masu gyara da dama sun biyo ta hannuna suka koyi aikin fili. Abin da na gani a kansu duka iri ɗaya ne: kansu cike yake da ilimi, hannunsu kuwa sabo ne fil. Mai gyara ya san bin layi da mita har ya gano inda wuta ta tsaya, abin da masu haɗa sola da yawa ba su iya ba. Amma bai taɓa ɗaure faifan sola a kan kwano ba, bai san kaurin wayar da za ta ɗauki amfiya 100 ba. Kamar mai keke ne ya koma tuƙin tirela: titin bai canja ba, dokar hanya ma haka, sai dai nauyin da ke bayansa da irin ɓarnar da kuskure zai jawo.

Kayan aiki

Wanda ke hannunka tun daga shago, kada ka sayar: ƙarfen dalma, injin hura iska mai zafi, ƙananan sukudireba, madubin ƙara girma. Za su yi maka rana nan gaba.

Wanda za ka saya tun farko:

- Mita mai kyau wadda aka rubuta mata CAT III, mai kai bolt 600 ko 1000. 'Yar mitar da kake auna batirin waya da ita ba ta wannan fagen ba ce, tana iya fashewa a hannunka.
- Mita mai baki, wadda ake maƙala wa waya ta faɗi amfiya. Ka tabbata tana karanta DC, wato irin wutar batir da faifai. Masu arha da yawa AC, wato irin wutar gida, kaɗai suke gani, kai kuwa rabin aikinka a kan batir da faifai yake.
- Sukudireba da filaya da abin yankan waya masu rufin roba na masu aikin wuta.
- Filayar matse log, wato bakin jan ƙarfen da ake sa wa kan babbar waya, da filayar matse mahaɗin MC4 na faifan sola.
- Saitin sufana daga lamba 8 zuwa 19, guduma, zarton ƙarfe, tef ɗin awo, ma'aunin ruwa na daidaita saiti.
- Takalmi mai tafin roba, safar hannu, tabaran kare ido, hular kwano, da ɗamarar hawa sama da igiyarta.

Wanda za ka ara ko ka yi haya kafin hannu ya yi nauyi: injin huda bango, injin yankan ƙarfe, dogon tsani, injin walda, da mega, wato mitar gwada lafiyar rufin waya da naɗin mota, injin nan da wuta ke juyawa. A Kano yawancin waɗannan kayan ana samunsu a wajen masu kayan wuta na Sabon Gari da titin Faransa, ƙarfe kuma a Ƙofar Ruwa. A Kaduna, Fanteka ce gidan ƙarfe da ƙira. In kuɗi bai kai ba, ka fara da mitocin nan biyu da kayan kare kai. Sauran ana iya ara, amma ba a aron takalmi ranar hawa rufi.

1. Zaɓi ƙofa ɗaya

Aikin hannu na injiniya yana da faɗi: haɗa sola, famfon rijiyar burtsatse, nadin mota, gyaran janareta, kula da injinan masana'anta irin na Sharaɗa da Bompai da Challawa ko Kakuri. Wanda ya ce zai kama duka lokaci guda ba ya ƙwarewa a ko ɗaya. Shawarata ga wanda ya fito daga lantarki ita ce ya shiga ta sola, famfo ya biyo baya. Dalili kuwa, inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, da na'urar daidaita caji 'yan gidanku ne. Mosfet ne da kafasito da rile a ciki, abubuwan da ka saba da su, girma kawai suka ƙara. Daga nan in ka so masana'anta, ka riga ka san mota da kontakta da wuta mai layi uku.

2. Kada ka saki reshe ka kama ganye

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ga abokinsa ya sayi babur da kuɗin sola, sai ya rufe shago ya sayar da kaya. Watannin farko na koyo kusan babu kuɗi a cikinsu, sai na abinci da na mota in maigida mai kirki ne. Ka raba makonka: wasu ranaku a fili, wasu a tebur. In kana da yaron shago amintacce, ka bar masa ƙananan gyare-gyare, kai ka riƙa yin masu wuya da daddare. Ma'aikacin ofis ya fara da Asabar da Lahadi da hutun shekara, kada ya rubuta takardar ajiye aiki tukuna. Mai iyali kuma ya zauna da uwargida su yi magana a fili, ya tanadi abincin wasu watanni da kuɗin makarantar yara kafin ya rage zaman shago.

3. Nemi maigida

Wannan aikin ba a koyonsa a bidiyon waya kaɗai. Ka nemi wanda ayyukansa suka shekara biyu ko uku suna aiki ba a kira wani ya gyara ba. Hanyar gane shi mai sauƙi ce: ka tambayi masu sayar da batir wane ne ba ya dawo musu da kaya a ƙone, ka kuma je ka ga aikinsa da idonka. In ka ga wayoyi a cikin bututu, a jere, kowane bireka da rubutun abin da yake riƙe, to ka samu. In ka ga waya tana lilo an naɗe ta da baƙin tef, ka yi gaba.

Ka je da wani babba da ya san ku duka biyu, kamar yadda aka saba a kai yaro koyon sana'a, ko da gemunka ya fara fari. A yi magana a gabansa: wata nawa, ranaku nawa a mako, ko akwai abin da za ka biya, da abin da za a riƙa ba ka. Sau da yawa maigidan zai zama ƙaninka a shekaru, wataƙila bai yi rabin karatunka ba. Ka kira shi Oga ko Maigida kamar yadda sauran yara ke kiransa, ka ɗauki tsani, ka miƙa sufana, ka share wurin in an gama. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Abu ɗaya da nake roƙon masu digiri da babbar difloma: kada ka gyara wa maigida magana a gaban wanda ake yi wa aiki. In ka ga kuskure a lissafi, ka bari sai kun keɓe, ka ce, "Oga, ina ga kamar wayar nan za ta yi zafi, ko mu auna?" Ka kuma kawo naka tagomashin: duk inbatar da ta lalace a hannunsa, ka karɓa ka gyara. Da wannan za ka zama yaron da ba a son rabuwa da shi, a buɗe maka abin da ake ɓoye wa wasu.

In babu irin wannan maigida a garinku, ka haɗa biyu: ka zauna da mai wayarin ɗin gidaje ka koyi jan waya da haɗa allon bireka, ka kuma zauna da mai walda ka koyi ƙarfe. Sannan ka nemi gajeren kwas. Cibiyar NAPTIN tana horar da ma'aikatan wuta, tana da rassa a Kainji da Kaduna da Kano, hukumar ITF ma tana da shirye-shiryen koyar da sana'a.

4. Horar da hannu

Nan ne mai gyara ya fi shan wuya, don haka nan zan daɗe. Hannunka ya saba da taushi, da noti wanda ake juyawa da yatsa biyu. A fili kuwa haɗin da bai ɗauru ba shi ne mafarin gobara. Ka'idar da kake buƙata guda ce: zafin da haɗi ke yi yana tafiya ne da amfiya sau amfiya. Saken da ba zai yi komai ba a kan amfiya 1, in amfiya 100 ta bi ta kansa zafinsa ya ninka sau dubu goma. Inbata mai kilowat 5 a kan batir mai bolt 48 tana jan sama da amfiya 100 in an cika mata kaya.

Ka sayi mita ɗaya ta waya mai milimita 25 da log goma, ka zauna ka koyi matsewa. Ka feɗe rigar wayar daidai zurfin log ɗin, kada wuƙa ta yanke silin jan ƙarfe ko ɗaya. Ka tura duka silin ciki har su bayyana a ɗan ramin dubawa, babu wanda ya leƙo waje. Ka matse da filayar da bakinta ya dace da lambar log ɗin. Sai ka taka wayar da ƙafa, ka ja log ɗin da ƙarfinka. In ya motsa, yanke ka sake. Ka sa zarto ka raba ɗaya biyu ka duba cikinsa: matsi mai kyau za ka ga jan ƙarfen ya dunƙule ya zama abu ɗaya, babu ƙofar iska a tsakani. Daga nan sai ka rufe wuyan da robar da ke tsukewa da zafi. Hannunka zai so ya ɗauko dalma, don ita ka sani. Ka hana shi. Dalma tana bin silin waya ta sandare shi, wurin ya riƙa karyewa, kuma in haɗi ya yi zafi narkewa take yi. In babu filayar matsi, ka kai wa masu haɗa wayar batirin manyan motoci su matse maka. Bugun log da guduma a kan dutse aikin wucin gadi ne, kada ka bar shi a gidan mutane.

Ka koyi gane waya ta gaskiya. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka shafa wa ruwan jan ƙarfe. Ka kankare sili ɗaya da wuƙa: in cikinsa fari ne, ajiye ta. Ka kuma ɗaga nadin ka ji, ta jabu ba ta da nauyi. Araha ba ta ado. A wayarin ɗin gida, milimita 1.5 ta fitilu ce, 2.5 ta soket, faifan sola 4 ko 6, tsakanin batir da inbata kuwa daga 16 zuwa 35 ko fiye, gwargwadon amfiya, kuma a gajarce ta iyakar iyawa.

Sauran aikin hannu sai da maimaici: yanka ƙarfe a miƙe, huda bango ba tare da ka fasa bulo ba, ɗaure noti da washa mai hana kwancewa, toshe ramin ƙusa a kwano don kada damina ta tona maka asiri. Ka koyi walda ko da ta ɗaura ƙarfe biyu ce, domin ka iya gane mai kyau in an yi maka.

5. Dokokin tsira da rai

A tebur, kuskure yakan ƙona fiyus ko allon waya. A nan rai ake magana. Wutar gida bolt 230 ce, tsakanin layi da layi a mai layi uku kuwa wajen 400. 'Yar wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba tana iya tsayar da zuciya, shi ya sa ake sa bireka mai yankewa a miliamfiya 30.

Kafin ka taɓa kowace waya: ka kashe, ka gwada mitarka a wurin da ka san akwai wuta, ka gwada wayar, ka sake gwada mitar. Gidan da ke da wutar NEPA da janareta da inbata yana da hanyar wuta uku, kashe ɗaya bai isa ba. Kada ka yarda da launin waya. Za ka tarar da tsohon tsari na ja da baƙi, da sabo na ruwan ƙasa da shuɗi, wani lokaci a gida ɗaya an gauraya su. Kada ka yarda da "na kashe" daga bakin wani, ka je ka gani, ka rataya alama a kan birekar.

Faifan sola ba shi da makunni. Muddin akwai rana, yana ba da wuta. Faifai takwas a jere sun kai bolt 400 na DC, kuma tartsatsin DC ba ya mutuwa da kansa kamar na AC, ci yake yi yana ja. Don haka ba a zare MC4 alhali kaya na ja, kuma ba a sa birekar AC a layin faifai. Sai wadda aka rubuta mata DC da bolt ɗin da ya isa.

In za ka taɓa batir kuma, ka cire agogo da zobe. Sufana ta faɗa tsakanin kawuna biyu, nan take za ta yi ja. Ka naɗe jikinta da tef, bakin kaɗai ya fito. Batirin ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, ba a kulle shi a ɗakin da babu taga, kuma nauyin mai amfiya 200 ya kai kilo 60, mutum biyu ke ɗaga shi.

Hawa rufi a fara da sassafe, kafin kwano ya yi zafi. Ka taka kan layin ƙusoshi, nan katako yake a ƙasa. Ka ɗaga kai ka duba ko babban layin wuta ya ratsa kusa kafin ka ɗaga tsanin ƙarfe ko dogon alminiyam. Iska ta taso, a sauko, domin faifai mai wat 550 ya fi mita biyu tsawo, iska ta kama shi da kai za ta tafi. Sannan wani abu da ba ya cikin littafi: kafin ka hau, ka sa mai gida ya aika wa maƙwabta cewa za a hau sama, domin iyalan mutane su kimtsa. Wanda ya tsallake wannan, ko aikinsa ya fi na kowa kyau, ba za a sake kiransa unguwar ba.

6. Yi aikin farko a gidanka

Kafin ka taɓa kuɗin wani, ka haɗa naka, ko na shagonka, ko na wani ɗan'uwa da ya san koyo kake yi. Ga yadda ake lissafin, da misalin ƙaramin gida.

Ana ninka yawan kaya da wat ɗinsu da awannin da suke aiki, amsar ta fito a wat-awa. Fitila 6 masu wat 10, awa 6: 360. Fanka 3 masu wat 60, awa 8: 1,440. Talabijin mai wat 80, awa 5: 400. Firji mai wat 150, a ƙaddara injinsa yana aiki awa 8 a yini: 1,200. Jimla 3,400 a yini. Ka ƙara kashi 30 cikin ɗari saboda asarar waya da zafi da ƙura, ya zama wajen 4,400. Ka raba da awa 5 na rana mai ƙarfi, ka samu wat 880. Faifai biyu masu wat 550 sun wadatar, har da rarar da za ta yi amfani a watan Agusta lokacin hadari.

In kashi biyu cikin uku na wutar da dare ake sha, batir zai ba da wajen 2,300. Batirin ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa, don haka kana buƙatar 4,600. Mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400, guda biyu a jere sun ba ka bolt 24 da 4,800. In akwai hali, batirin litiyam ya fi daɗewa kuma ana shan mafi yawansa, sai dai a saita masa caji yadda kamfaninsa ya rubuta. Kayan gidan duka wat 470 ne, amma firji yana fizgar ninki da yawa lokacin tashi, don haka inbata mai kVA 1.5 zuwa 2 ce daidai.

Ga tarkon da ke kama sababbi. Faifai mai wat 550 yana ba da kusan bolt 50 in ba a ɗora masa kaya ba, biyu a jere kusan 100. Sanyi yana ƙara wa faifai bolt, ba ya ragewa. Na'urar caji da iyakarta 100 ce za ta yi ta aiki lafiya har wata safiyar hunturu ta ƙone. Ka sayi mai 150, ko ka haɗa faifan gefe da gefe in na'urar ta yarda da hakan. Ka karanta takardar bayan faifai kowane lokaci, ka saba da wannan tun a tebur. Ka kuma rage amfiyar caji a saiti, kada ka tura wa batirin ruwa mai amfiya 200 fiye da 20 zuwa 30.

Wajen kafawa, faifai ya kalli kudu, a karkace digiri 10 zuwa 15, wanda ya dace da yankinmu, Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Kada ka kwantar da shi shamal, ƙura za ta zauna. Ka bar tazara a ƙarƙashinsa iska ta wuce, ka bar hanyar da mai wankewa zai taka. Ka duba inuwar tanki da dish da darbejiya da safe da yamma, domin inuwa a kan faifai ɗaya tana jawo duk layin ƙasa. Ƙafafun su kama katako ko ƙarfen rufi, ba kwano kaɗai ba, saboda guguwar farkon damina.

Jerin haɗawa: batir da fiyus ɗinsa zuwa na'urar caji da farko, sannan faifai, sannan kayan gida. Wajen kwancewa a juya jerin. Ka auna kan ja da baƙi da mita kafin kowane haɗi. Ka kafa sandar ƙasa ta jan ƙarfe a wuri mai damshi, ka haɗa mata ƙarfen faifai da jikin inbata. Ka sa makunnin sauya layi yadda wutar inbata ba za ta taɓa komawa layin NEPA ba, domin akwai ma'aikaci a kan falwaya da ya ɗauka layin a mace yake. Bayan an kunna, ka ɗora kaya na awa guda, ka bi kowane haɗi ka ji ko ya ɗumama. Wanda ya yi ɗumi, kashe ka sake ɗaure shi.

7. Ƙara famfo a kai

In sola ta zauna a hannunka, ka bi masu saka famfon burtsatse. Kafin ka sayi famfo, ka samo abu uku daga wanda ya haƙa rijiyar: zurfinta, inda ruwa yake tsayawa in ana ja, da yawan ruwan da take iya bayarwa a awa. In ba a same shi ba, ka zura igiya mai nauyi a baki ka auna, ka kuma ari ƙaramin famfo ka ja ruwa na wasu awanni ka ga yadda yake sauka. Tsayin da famfo zai tura ana ƙirga shi daga inda ruwa ya tsaya zuwa bakin tanki, a ƙara wani abu saboda tsawon bututu da lanƙwasa. Famfon da ya fi ƙarfin rijiya yana zuƙe ta ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone, don haka babba ba shi ne mai kyau ba, kuma na'urar tsayar da shi in ruwa ya ƙare dole ce.

Haɗin wayar da zai nutse cikin ruwa shi ne wurin da ake gane gwani. A yi shi da kayan haɗi masu hana ruwa, a gwada da mega kafin a zura da bayan an zura. Ka cire inbata daga layin kafin ka danna mega, bolt 500 take turawa, za ta kashe allon. Famfo ya rataya da igiyarsa, sama da gindin rijiya, kada ya zauna cikin laka. In mai layi uku ne ka ga ruwa na fitowa a raunane, wataƙila baya yake juyawa: kashe, ka sauya waya biyu. Manoman rani da masu gidan ruwan leda da kwamitocin masallatai su ne masu wannan aikin, kuma ɗaya ya gamsu, shi zai kawo maka goma.

8. Nemi takarda

Aikin gidaje ba ya tambayar takarda, amma kwangilar hukuma da ƙungiyoyi da masana'antu suna tambaya. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a mai mataki uku, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya. Hukumar NEMSA ce ke ba masu haɗa wutar gine-gine shaidar ƙwarewa bayan jarrabawa. COREN kuma tana yi wa ma'aikatan injiniya rajista rukuni-rukuni, tun daga mai digiri har mai sana'ar hannu, don haka mai difloma ko digiri a lantarki karatunsa bai faɗi ƙasa ba. Ka je ofishinsu da ƙafarka, ka guji dillalan da ke cewa za su kawo maka takarda gida. Tun daga ranar farko ka riƙa ɗaukar hoton kowane aiki, ka rubuta girmansa da abin da kai ka yi a ciki. Wannan littafin zai yi maka magana a gaban masu ɗaukar aiki.

9. Fara karɓar aikinka

Ka nemi izinin maigida kafin ka fara cin gashin kanka, kuma kada ka bi bayansa ka ɗauke masa masu ba shi aiki. Ka fara da ƙanana. Kowane aiki ka je ka gani da ido, ka auna kayan gidan da mita mai baki, kada ka tsaya ga abin da aka faɗa maka, domin dutsen guga da hita da injin niƙa ba a cika ambatonsu ba sai bayan an gama. Ka rubuta takarda biyu: jerin kaya da sunan kamfani da girman kowanne, kuɗin aikinka daban, abin da tsarin zai ɗauka da abin da ba zai ɗauka ba. In mai gida ya ce a rage, ka rage kayan da za a ɗora, kada ka rage kaurin waya ko ka cire bireka. Ka faɗa masa kai tsaye, "Alhaji, da wannan kuɗin za a samu fitila da fanka da firji, na'urar sanyaya ɗaki sai an ƙara." In ya matsa sai an yi yadda ka san zai ƙone, ka ba shi haƙuri ka bar aikin. Ranar miƙawa ka tara mutanen gidan, har da Hajiya da yaran da za su riƙa kunnawa, ka nuna musu abin da ake kashewa in batir ya yi ƙasa, da yadda ake wanke faifai da sassafe ko da yamma da ruwa da tsumma mai laushi, da yadda ake ƙara wa batir ruwan batir, ba na rijiya ba.

10. Mayar da tsohon teburinka wurin gyaran inbata

Lokacin rage zaman shago shi ne sa'ad da kuɗin fili ya riƙe gidanka wata da watanni a jere, har da damina, lokacin da aiki kan ja baya. Ko a sannan kada ka watsar da teburin. Masu haɗa sola suna da yawa, masu buɗe inbata su gyara kaɗan ne, kuma kowace inbata da aka kafa yau wata rana za ta nemi mai gyara. Ka tanadi mosfet da IGBT da rile da fankokin sanyaya na nau'o'in da suka fi yawa a garinku, ka riƙa sayen matattun inbatoci don cire kaya. Yawancin abin da ke kashe su a wajenmu ƙura ce da ke toshe fanka, da ƙadangaru da ɓeraye, da tsawa, da haɗa batir a juye. In mosfet ya ƙone, ka duba abin da ke tura shi kafin ka sa sabo, in ba haka ba sabon ma zai bi shi. Gwajin farko ka yi shi ta cikin ƙwan fitila ko ƙaramin fiyus, ba kai tsaye daga babban batir ba. Manyan kafasiton ciki kuma suna riƙe kusan bolt 400 bayan an kashe, don haka ka sauke su ta cikin resisto, ka auna ka ga sun sauka, sannan ka sa hannu.